GWAMNATI A BAKIN RANDA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka wadda ta sayi ɗan littafin nan tana jiran Alhaji ya fito daga mota sai ta yi mini afuwa. Labarin wani tabo ne da ke damtsen kakata na hagu, Allah ya jiƙanta, tabo mai faɗin sulai wanda muke wasa da shi muna yara idan ta tuɓe mayafi tana kaɗi.

Ta ce suna ƙanana, da zarar an ji 'yan lamba sun shigo Achida sai gari ya ruɗe, uwa ta saɓi ɗanta ta yi gona, wata ta cusa nata ƙarƙashin gado. Ita rumbu aka jefa ta cikin damman gero aka rufe. Ƙaiƙayi ya shige mata hanci ta yi atishawa, dogari ya ji, aka zaro ta tana kururuwa aka tsaga mata hannu, mahaifinta kuwa sai da ya je gaban hakimi. Na ce, "Haba Inna, magani fa aka kawo muku, ku kuma sai gudu?" Ta harare ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika sani? Wanda ka amsar haraji shi ka ɗaure mutum, shi kuma ya zo da wuƙa ya ce magani na. Ƙaƙa za mu gane ranar da ya zo da alheri?"

Na daɗe ina juya maganar nan, har ta sa na shiga tonon tarihi.

Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903 ba a zaune muke babu magani ba. Nan Wurno da ke maƙwabtaka da mu, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi kuma aka rufe shi a 1837, shi kansa ya wallafa littattafan magani, har da na basir da na amfanin filasko. Ƙanwarsa Nana Asma'u ita ma ta yi rubutu kan neman waraka. Da Baturen nan Kilafatin ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema a aiko masa daga Ingila har da likita. Kun ga ashe ƙin maganin Bature ba gadonmu ba ne. Ba kuma zan yi muku ƙarya in ce zamanin aljanna ne ba, agana tana share unguwa, mata suna mutuwa kan gwiwa. Amma akwai abu guda: wanzami da ungozoma da maɗori, ke kike kiransu, ke kike sallamarsu, idan hannun wani bai yi miki ba gobe sai ki kira wani. Ba mai shigo miki ɗaki sai da sallama.

Turawa suka zo da tasu. A 1917 suka yi dokar tsabtar gari da ta yin lamba, a hankali aka miƙa aikin ga En'e, daga nan aka haifi mutumin da tsofaffinmu ba sa mantawa, wato duba-gari. Ke duba ki gani 'yar uwa, gidan da ko ƙanen miji baligi ba ya wuce zaure, sai ga ƙato da gajeren wando ya ratsa har tsakar gida, ya leƙa makwarara, ya leƙa bayan gida, ya buɗe randa. Idan ya ga tsutsa a ruwa, ko ya tuntsurar da randar, ko maigida ya sha tara. Ruwan nan fa mace ce ta biya aka ɗebo mata, ko 'ya'yanta suka yi sawu biyar a rijiya. Inna ta ce ba a daɗe ba mutane suka gano maganin abin: ƙwai shida ko 'yar budurwar kaza a zaure, sai randa ta zama mai tsabta ko da kwaɗo ke iyo a ciki. Sauro bai ragu ba, kajin talaka ne suka ragu.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne ƙasar Zazzau. Saboda ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, daga 1937 Turawa suka tashi kimanin mutum 5,000 daga ƙauyukansu na gado a yankin Anchau, suka zuba su a sabbin garuruwan da aka auna da igiya, babban cikinsu aka sa masa suna Takalafiya. An yi rijiyoyin siminti masu kyau, ciwon kuma ya ja baya, wannan gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya tambayi tsohuwar da aka raba da kushewar mijinta ko ta yarda.

To, kada wata ta ce na zo hana riga-kafi, wallahi 'ya'yana uku babu allurar da ta wuce su. Lambar nan da aka yi wa Inna da ƙarfin tsiya ita ta tsare ta, ƙawayenta biyu da suka iya ɓuya agana ta ɗauke ɗaya ta bar ɗaya da zanzana. Lokacin yaƙin basasa da aka zo da allurar bindiga, wadda ake taka wa da ƙafa, da kanta ta jera 'ya'yanta a layi, domin ta riga ta ga amfanin da idonta. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka ce ta bar duniya. Abin da nake cewa shi ne, abin da dogari ya kasa cusa wa mutane cikin shekara talatin, idonsu ya koya musu a banza.

Bayan mulkin kai sai gwamnati ta ƙara faɗin baki, ta ce lafiyar kowa a wuyanta take, magani kyauta. A shekarun 1970 da kuɗin mai ya zo, jihohi suka karɓe asibitocin mishan da dama suka haɗa da nasu. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, amma ina! Ranar 31 ga Disamba 1983 da Birgediya Sani Abacha ya yi jawabin juyin mulki, cikin dalilan da ya kawo har da cewa asibitocinmu sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Me sojojin suka yi? Suka farfaɗo da duba-gari da bulala, Asabar ɗin ƙarshen wata ba fita sai an yi shara. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, kyautar ma da ake faɗa da baki ta tafi. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi don lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙin ba ta taɓa cikawa ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan jinya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita, wato daga ɗan kunnenki da akuyarki da kuɗin adashenki.

Sai kuma abin da ya faru a Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da aka sa yara kusan 200 a asibitin gwamnati, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Ni ba kamfanin ya fi ba ni haushi ba, mai gadin ƙofa ne. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, ya gama rahoto a 2001, aka danne shi, sai a 2006 wata jaridar Amurka ta fallasa. Hukumar da ke iya ganin tsutsa a randar talaka, ba ta ga abin da ake yi a cikin asibitinta ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka fara raɗe-raɗin allurar shan inna a 2003, ina 'yar sakandare lokacin, Kano ta dakatar da ita sai a Yulin 2004 aka ci gaba. Raɗe-raɗin ƙarya ne, kuma yara ne suka biya da ƙafafunsu, cutar ta tsallaka har ƙasashe kusan 20. A 2011 gwamnatin Kano ta yi barazanar ɗaure iyayen da suka ƙi, tsohon dogarin Inna ya dawo ke nan. Amma abin da ya fi buɗe ƙofofi shi ne kwamitin sarakuna da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa a 2009, da hakimai da suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, da matan unguwa da aka ɗauka suna shiga gida-gida da sallama. A Agustan 2020 aka tabbatar ainihin cutar ta bar Afirka.

Bara waccan naƙuda ta kama ƙanwata da tsakar dare, ga hanya ba daɗin bi saboda 'yan bindiga. Muka kai ta wani asibitin gwamnati, nas ɗaya muka tarar, baiwar Allah, tana haskawa da fitilar waya. Ta miƙo mini takarda: safar hannu, ƙarin ruwa, allura, auduga, har da reza. Na tsallaka titi na buga wa mai kemis ƙofa, ya taso da barci a idonsa ya haɗa mini komai, ya ce in kawo kuɗin in an yi suna.

Kwana huɗu da komawarmu gida, mai jego tana fama da zazzaɓi, sai ga sallama, 'yan mata biyu da akwatin ƙanƙara. Muka fito da jariri aka ɗiga masa, aka shafa masa tawada a ɗan yatsa. Mahaifiyarmu ta ce, "Ɗiyana, ko kuna da na zazzaɓi ku ba uwatai?" Ɗayar ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Inna ba a ba mu ba, wannan kaɗai aka aiko mu da shi." Ta ciro alli ta yi rubutu a jikin bangon zaure, suka wuce gida na gaba.