Ware ƙananan 'yan takara daga muhawarar shugaban ƙasa a Najeriya

Ware ƙananan 'yan takara daga muhawarar shugaban ƙasa shi ne matakin da gidajen talabijin da ƙungiyoyin da ke shirya muhawara suke ɗauka na gayyatar wasu 'yan takara kaɗan zuwa zaman da ake yaɗawa kai-tsaye, su bar sauran duk da cewa hukumar zaɓe ta INEC ta amince da takararsu. Lamarin ya fi tayar da ƙura a zaɓen shekarar 2019, inda aka gayyaci jam'iyyu 5 daga cikin 73 da suka tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Babu dokar da ta wajabta yin muhawara a Najeriya, babu kuma wadda ta faɗi wanda za a gayyata, don haka mai shiryawa shi ke da wuƙa da nama. Abin da ya sha faruwa tun daga 1999 shi ne, masu neman a ba su dama ba sa samu, manyan da aka tanadar wa wuri kuma sukan ƙi zuwa.

Kalmar muhawara daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma ana rubuta ta da mahawara a wasu jaridu.

Tarihi

Muhawarar da aka fi tunawa da ita a tarihin zaɓen ƙasar ita ce wadda gidan talabijin na NTA ya nuna gab da zaɓen 12 ga watan Yunin 1993, tsakanin Moshood Abiola na jam'iyyar SDP da Bashir Othman Tofa, ɗan Kano, na jam'iyyar NRC. Ba a yi rigimar ware kowa ba a lokacin, domin gwamnatin soja ta Ibrahim Babangida jam'iyyu biyu kawai ta ƙirƙira ta kuma halatta. An riga an gama tacewa tun kafin a kai ga gaban kyamara.

Bayan dawowar mulkin farar hula, Olusegun Obasanjo bai halarci muhawarar da aka shirya masa da Olu Falae a 1999 ba, kuma ya ci zaɓe. Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan Jihar Katsina na lokacin, shi ma bai je ta 2007 ba.

A watan Maris na 2011 tashar NN24 ta gayyaci manyan 'yan takara huɗu. Muhammadu Buhari na CPC da Nuhu Ribadu na ACN da Ibrahim Shekarau na ANPP sun halarta, Kadaria Ahmed ce ta jagoranci zaman, shugaba mai ci Goodluck Jonathan kuma bai zo ba. Da aka shirya wata a ƙarshen watan, su ukun suka rama, Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi. A 2015 abin ya juya: jam'iyyar APC ta ƙaurace wa muhawarar ƙungiyar NEDG bisa zargin nuna ɓangaranci, Jonathan ya tsaya tare da 'yan takarar ƙananan jam'iyyu, ciki har da Farfesa Remi Sonaiya ta jam'iyyar KOWA. A wannan shekarar 'yan takara 14 ne, adadin da ake iya raba shi rukuni-rukuni a saurari kowa.

Zaɓen 2019

Kafin zaɓen 2019 yawan jam'iyyu masu rajista ya kai 91. Dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a ranar 31 ga watan Mayun 2018, ta rage shekarun mai neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35, abin da ya ƙara wa matasa ƙwarin gwiwar fitowa. Da INEC ta fitar da jerin sunaye, mutum 73 ne ke neman kujerar.

A watan Disamban 2018 ƙungiyar Nigeria Elections Debate Group, wato NEDG, tare da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, BON, suka sanar da jam'iyyu biyar da za su fafata: APC ta Muhammadu Buhari, PDP ta Atiku Abubakar, ACPN ta Oby Ezekwesili, ANN ta Fela Durotoye da YPP ta Kingsley Moghalu. Shugaban BON a lokacin shi ne John Momoh, mai gidan talabijin na Channels. Masu shiryawa sun ce sun dogara ne da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta intanet da kuma takardun tambayoyi da aka rarraba wa mutane, kuma ba zai yiwu a tsayar da mutum 73 a dandamali ɗaya cikin sa'o'i biyu ko uku a yi magana mai ma'ana ba. Wannan hujja ta biyu kusan kowa ya yarda da ita. A kan ta farko aka yi jayayya.

Wanda ya fi ɗaga murya shi ne Omoyele Sowore na jam'iyyar AAC, wanda ya kafa jaridar intanet ta Sahara Reporters. Magoya bayansa sun yi zanga-zanga a ƙofar otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja a ranar 14 ga watan Disamba, daren da aka yi muhawarar masu neman mataimakin shugaban ƙasa tsakanin Yemi Osinbajo da Peter Obi da Umma Getso da Khadijah Abdullahi-Iya da Ganiyu Galadima. Hujjarsu ita ce idan da gaske farin jini a intanet aka duba, to ɗan takararsu ba ya bayan ko ɗaya daga cikin ƙananan jam'iyyu ukun da aka ɗauka. Jam'iyyar ta kai ƙara kotu, amma hakan bai hana a yi babbar muhawarar ba tare da shi ba. Cikin waɗanda aka bari a waje har da tsohon gwamnan Jihar Kuros Riba Donald Duke na SDP, da tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya Obadiah Mailafia na ADC, da Yabagi Yusuf Sani na ADP, da Manjo Hamza Al-Mustapha na PPN.

An yi muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a ranar 19 ga watan Janairun 2019 a otal ɗin dai. Buhari bai halarta ba. Kwamitin yaƙin neman zaɓensa ya ce yana cikin zagayen jihohi, kuma kwana uku kafin nan ya riga ya amsa tambayoyin jama'a a shirin The Candidates na Kadaria Ahmed da aka nuna a NTA. Atiku, wanda ya dawo daga Amurka a ranar, ya isa otal ɗin, da ya ga Buhari bai zo ba sai ya ƙi hawa dandamalin, yana cewa ba zai soki mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa ba. Ezekwesili da Durotoye da Moghalu suka yi muhawarar su uku, ga wuraren tsayawa biyu babu kowa, alhali akwai 'yan takara 68 da ba a bari sun shigo ba. Kwana biyar bayan haka Ezekwesili ta janye daga takara, jam'iyyarta ta ACPN ta koma bayan Buhari, ko da yake INEC ta ce lokacin janyewa ya wuce, sunan jam'iyyar ya ci gaba da zama a takardar ƙuri'a.

Sakamakon zaɓen, wanda aka yi a ranar 23 ga watan Fabrairu bayan ɗage shi da mako ɗaya, bai yi wa ma'aunin masu shirya muhawarar daɗi ba. Buhari ya samu ƙuri'a 15,191,847, Atiku ya samu 11,262,978. Moghalu ya tashi da 21,886, Durotoye 16,779, ACPN kuma 7,223. Sowore da aka hana shiga ya samu 33,953, wato ya fi kowane ɗaya daga cikin ukun. Mailafia ya samu 97,874, sama da ninki biyu na abin da su ukun suka samu a haɗe. Wanda ya zo na uku ma, Felix Nicolas na PCP, kusan ba a san shi ba, kuma masu sharhi da dama sun danganta ƙuri'unsa da kamancin sunan jam'iyyarsa da PDP. Alƙaluman ba su tabbatar da cewa waɗanda aka ware za su yi wani tasiri da an gayyace su ba. Sun dai nuna cewa ƙuri'ar intanet tana auna ra'ayin masu babbar waya da Turanci a manyan birane ne, ba na mai layin rumfar zaɓe ba. Ƙananan 'yan takara ukun da aka zaɓa duk 'yan Kudu ne, kuma sanannu a tarukan 'yan boko da shafukan Twitter.

Zaɓen 2023

A watan Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 saboda gaza cika sharuɗɗan kundin tsarin mulki, don haka 'yan takara 18 ne suka shiga zaɓen 2023. Raguwar ba ta kashe matsalar ba. Tashar Arise da cibiyar CDD sun shirya zama a Abuja a ranar 6 ga watan Nuwamban 2022 domin manyan jam'iyyu huɗu. Peter Obi na LP da Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP sun zo, Ifeanyi Okowa ya wakilci Atiku, Bola Tinubu na APC bai zo ba, sai aka ga Kola Abiola na PRP a kujera ta huɗu. Tinubu ne ya ci zaɓen.

Zaɓen fidda gwani

Jam'iyyun Najeriya ba su da al'adar haɗa masu neman tikiti a muhawarar talabijin kafin zaɓen fidda gwani. Kuɗi da wakilai ne ke yin aikin tacewa. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Wanda ya iya biya, abin da yake samu a talabijin shi ne 'yan mintocin da ake ba kowa ya yi jawabi a daren taron, lokacin da yawancin wakilai sun riga sun san inda za su jefa ƙuri'a. Wasu ma janyewa suke sanarwa a cikin mintocin, kamar yadda Aminu Waziri Tambuwal ya janye wa Atiku a taron PDP na watan Mayun 2022. Wanda bai samu tikiti ba kuwa ba shi da hanyar tsayawa da ƙashin kansa, domin sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole jam'iyya ce za ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa.

Matsayin doka

Sashe na 100 na Dokar Zaɓe ta 2010, da sashe na 95 na ta 2022 da ta maye gurbinta, sun hana amfani da kafofin yaɗa labarai na gwamnati don fifita wata jam'iyya ko tauye ta, sun kuma ce a raba lokacin yaɗa shirye-shirye daidai tsakanin jam'iyyu. Masu ƙorafi suna cewa tunda NTA da Rediyon Najeriya da gidajen jihohi mambobin BON ne kuma suna ɗaukar muhawarar kai-tsaye, ware wasu ya saɓa wa wannan tanadi. Masu shiryawa kuma suna ɗaukar muhawara a matsayin shiri na ƙungiya mai zaman kanta, wadda ke da 'yancin zaɓar baƙinta. An sha gabatar da ƙudurori a Majalisar Dokoki ta Ƙasa domin wajabta muhawara, amma har aka yi zaɓen 2023 babu wanda ya zama doka.

A Katsina

Shugabannin ƙasa biyu da Jihar Katsina ta fitar a wannan jamhuriya, 'Yar'aduwa ɗan birnin Katsina da Buhari ɗan Daura, dukansu sun hau mulki ba tare da tsayawa muhawara da abokan hamayyarsu a shekarun da suka yi nasara ba. Buhari ya halarta a 2011 ya faɗi, ya ƙaurace a 2015 da 2019 ya ci. A 2019 ya samu sama da ƙuri'a miliyan 1.2 a jihar kaɗai.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba kasafai ake sanya shi cikin wannan jayayya ba. Da Turanci ake yin muhawarar shugaban ƙasa tun daga farko har ƙarshe, da dare, a talabijin. Mai sauraro a Katsina ya fi samun labarinta washegari daga Gidan Rediyon Jihar Katsina ko Companion FM ko Vision FM, ko sassan Hausa na BBC da DW da RFI, a taƙaice kuma a fassare. A wajen taƙaitawar ana sake yin wata tacewar, domin sunayen da aka sani su ake fara ambata. Muhawarorin da ake yi da Hausa kai-tsaye na 'yan takarar gwamna ne, irin waɗanda BBC Hausa ta shirya a Kano da wasu jihohin Arewa a 2019 da 2023, kuma su ma ba duk jam'iyyun da ke kan takardar ƙuri'a suke gayyata ba.

A wasu ƙasashe

A Amurka, inda muhawarar fidda gwani ta zama al'ada, gidajen talabijin da jam'iyyu ne ke gindaya sharaɗin shiga. A watan Janairun 2008 tashar Fox News ta ƙi gayyatar Ron Paul zuwa zaman 'yan jam'iyyar Republican a jihar New Hampshire, har reshen jam'iyyar na jihar ya janye hannunsa daga shirin. A cikin watan ne kuma NBC ta janye gayyatar da ta yi wa Dennis Kucinich na jam'iyyar Democrat zuwa muhawarar Las Vegas. Wani alƙali ya ce a saka shi, kotun ƙolin jihar Nevada ta soke hukuncin jim kaɗan kafin a fara. A babban zaɓe kuwa, hukumar shirya muhawara da aka kafa a 1987 ta sanya sharaɗin samun kashi 15 cikin 100 a ƙuri'un jin ra'ayi tun daga shekarar 2000.

A Ghana cibiyar IEA ta daɗe tana gayyatar jam'iyyun da ke da kujera a majalisa kaɗai, ma'aunin da kowa zai iya bincikawa da kansa. A Kenya kuwa an shirya muhawarar 11 ga watan Fabrairun 2013 domin mutum shida, Paul Muite ya garzaya kotu, aka ƙara shi tare da Mohammed Abduba Dida, 'yan takara takwas ɗin duka suka tsaya.