Ikon Majiyyaci na Cewa A'a: Daga New York Zuwa Jidda

Idan motar asibiti ta tsaya a ƙofar wani gida a Khumra, can kudancin birnin Jidda, majiyyaci kuma yana cikin hankalinsa ya ce ba zai shiga ba, me ya kamata ma'aikata su yi? Malamai da alƙalai sun daɗe suna kai da komo a kan wannan tambaya.

A shekarar 1914 aka yanke hukunci a ƙarar da wata mata ta shigar a kan wani asibiti a New York, domin an yi mata tiyata alhali binciken ciwon kawai ta yarda a yi. Alƙali Benjamin Cardozo ya bayyana cewa baligi mai hankali shi ke da ikon jikinsa, likitan da ya yanka shi ba da izini ba kuwa ya yi ta'adi, sai fa idan majiyyaci ya suma kuma jinkiri zai halaka shi. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi, sun ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

A birnin Jidda, cikin watan Mayu na 1992, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zartar cewa sharaɗi ne a nemi iznin majiyyaci mai cikakken hankali. Amma ta keɓe wasu wurare: hukuma tana iya tilasta magani a kan cuta mai yaɗuwa da allurar rigakafi, idan kuma rai yana cikin haɗari a halin gaggawa, ceto ba ya jiran izini.

Kotun Ƙolin Nijeriya ta wuce nan. A 1991 wata mai jego a Enugu, mabiyar Shaidun Jehobah, ta ƙi ƙarin jini a rubuce. Likita Okonkwo ya bi nufinta, ya yi mata abin da zai iya, ta rasu. Kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata 6, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce tsarin mulki ya ba baligi damar ƙin magani ko da hakan zai kai shi kushewa. A 2019 kotun ta ja iyaka: iyaye ba su da ikon hana jaririnsu jinin da zai ceci ransa.

Ashe dai an haɗu a kan sumamme da ƙaramin yaro. Saɓanin yana kan baligin da ke ji yana gani: Jidda ta rinjayar da ceton rai, Abuja ta rinjayar da nufin mai rai. Ma'aikacin da ke tsaye a ƙofar gidan nan na Khumra, aikinsa na farko shi ne ya tabbatar majiyyacin ya fahimci abin da yake ƙi, kuma da hankalinsa yake magana.