Tsoro a Bakin Ƙofar Jirgi: Tarihin Masu Dirowa da Lema

Akwai wani ɗan gajeren fim marar sauti da aka ɗauka a birnin Faris da safiyar 4 ga Fabrairu 1912. A cikinsa za ka ga wani tela mai suna Franz Reichelt, ɗan shekara 33, tsaye a kan kujerar da aka ɗora bisa tebur a hawa na farko na hasumiyar Eiffel, mita 57 daga ƙasa. Sanye yake da wata ƙatuwar riga da ya ɗinka da hannunsa, wadda ya sakankance za ta buɗe ta tare iska idan ya faɗo. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfen kariya, ya leƙa, ya karkata gaba, ya ja baya. Saboda sanyi har tururin numfashinsa ana gani. Kusan daƙiƙa 40 yana wannan kai da komo kafin ya saki jiki. Rigar ta nannaɗe shi, ya faɗi a kan daskararriyar ƙasa, nan take rai ya yi halinsa.

'Yan sanda sun ba shi izini ne a bisa cewa mutum-mutumi zai jefo. Abokansa sun roƙe shi ya fasa. Duk lokacin da na kalli fim ɗin, waɗannan daƙiƙun ne ke tsaya mini a rai, domin a cikinsu jikin mutumin yana gaya masa gaskiya, shi kuwa ya ɗauke ta a matsayin ragwanci. A zamaninsa tsoron mai dirowa yana da hujja cikakkiya. Abin da ya biyo baya a shekaru ɗari shi ne ƙoƙarin gyara kaya har hujjar ta ragu, da kuma neman yadda za a yi da tsoron da ya ƙi raguwa tare da ita.

Kafin tela Reichelt da fiye da ƙarni guda, ranar 22 ga Oktoba 1797, André-Jacques Garnerin ya tashi a balan-balan daga lambun Monceau a Faris. Da ya kai kimanin mita 1,000 sai ya yanke igiyar da ta haɗa kwandonsa da balan-balan ɗin. Lemar ta buɗe, amma ta yi ta lilo da shi hagu da dama, saboda iskar da ta cika ta ba ta da mafita sai ta gefe. Ya sauka da ransa, a galabaice. Masanin taurari Jérôme Lalande ne ya ba da shawarar a huda ƙaramin rami a tsakiyar lemar, kuma ramin nan yana nan a jikin lemar soja mai zagaye har yau. A 1799 Jeanne-Geneviève Labrosse, wadda daga baya ta zama matarsa, ta zama mace ta farko da ta yi irin wannan sauka. A Ingila kuwa, wani mai zane ɗan shekara 61, Robert Cocking, ya ƙera tasa lemar mai baki sama don ya magance lilon, ta karye da shi a 1837 ya mutu. Duk waɗannan 'yan wasa ne a gaban taro. Jama'a na biyan kuɗi su ga wanda ba ya tsoro, saboda haka babu mai faɗin abin da ke cikinsa.

Sai wani tsoro na daban da ya daɗe a zukatan masana kansu. An yi imani cewa idan mutum ya faɗo daga sama ba lema a buɗe, zai suma, ko numfashinsa ya ɗauke, ko hannuwansa su ƙi motsi. Shi ya sa tun farko ake ɗaure lemar da igiya a jikin jirgi ko balan-balan, nauyin mutum ya fizge ta ta buɗe da kanta. Wata 'yar ƙaramar mata Ba'amurkiya, Georgia Broadwick, da ake yi wa laƙabi da Tiny, ta fara karya wannan zance. A 1914 tana nuna wa sojojin Amurka aikin lema a San Diego, igiyarta ta sarƙe a wutsiyar jirgi. A tashi na gaba sai ta yanke igiyar ta bar guntu, ta diro, ta ja guntun da hannunta. Ranar 28 ga Afrilu 1919 kuma, a filin McCook da ke Dayton a jihar Ohio, Leslie Irvin ya fita daga jirgi a tsayin ƙafa 1,500 da lema goye a baya, ya bar kansa ya faɗo, sannan ya ja mariƙin. Bai suma ba. Idon sawunsa ne kawai ya karye wajen sauka. Daga ranar aka tabbatar cewa hankalin mutum yana iya zama tare da shi a cikin faɗuwa. Ko zai zauna ɗin a kan kowa, wannan kuma wata magana ce.

Sojoji ne suka fara fuskantar maganar gadan-gadan, domin su ba jarumi ɗaya suke nema ba, dubbai suke so, cikinsu har da manomi da akawu da ɗan makarantar da bai taɓa hawa jirgi ba. Tarayyar Sobiyat ta fara jefa sojojin lema kusa da Voronezh a 1930, ta kuma gina hasumiyoyin koyon dirowa a wuraren shaƙatawa na birane, matasa maza da mata suna layi. A Amurka, a sansanin Fort Benning, an kafa hasumiya mai ƙafa 34, wato mita 10 da 'yan kai. Tsayin ya isa ya tayar da hankali, ƙasa kuma tana kusa yadda ido zai ga inda zai faɗa. Wanda ya kasa a nan, an san shi tun kafin a ɓata man jirgi.

Na Birtaniya ne ya fi ba ni tausayi. Daga 1940 suna horar da mutanensu a Ringway kusa da Manchester, daga baya kuma dirowar farko ta ɗalibi daga balan-balan ne da aka ɗaure da waya a filin Tatton, a tsayin kusan ƙafa 800. A ƙasan kwandon akwai rami. Ba ƙarar inji, ba guguwar farfela, sai ƙugin waya da muryar mai horarwa. Ɗalibi zai zauna a bakin ramin ƙafafunsa na reto, a ce tafi, ya zame. Tsofaffin sojojin da yawa sun ce wannan shirun ya fi jirgi ban tsoro. Kuma duk tsawon yaƙin duniya na biyu sojan lemar Birtaniya lema ɗaya yake goyawa, ba ta ko-ta-kwana.

Maganin soja ga tsoro shi ne maimaici. A sa ka diro daga benci, ka haɗe ƙafa da gwiwa, ka mirgina, sau ba adadi, har jikinka ya haddace. A ba ka ƙirge da za ka yi da ƙarfi bayan fita. A sa na bayanka ya matso, na gabanka ya ɓace, ta yadda ba wurin tsayawa tunani. Kawuna tsohon soja ne, ya yi kwas ɗin lema a Jaji. Lokacin da na gaya masa ina koyon dirowa a ƙasar da nake karatu, na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya ce, "Ɗana, ƙofar ba ta da wuya, kafin ka ankara ka wuce ta. Daren da zai waye ka hau shi ne aikin. Ka yi sallarka, ka duba kayanka da kanka, ka kwanta ko barci bai zo ba." A lokacin ban gane ba, domin ni ƙofar ce dodona.

Dirowa don nishaɗi ta bunƙasa ne bayan yaƙi, da ragowar lemomin soja. Babbar matsalar ita ce mutum na fita sai ya kama juyi, kai ƙasa ƙafa sama, igiyoyi su naɗe shi idan ya buɗe. Wani Bafaranshe, Léo Valentin, ya gano a ƙarshen shekarun 1940 cewa idan ka baje hannuwa da ƙafafu, ka banƙare ka tura ciki gaba, iska za ta riƙe ka daram kana kallon ƙasa. Wannan banƙarewa ita ce darasin farko har gobe, kuma ita ce kishiyar abin da tsoro ke sa jiki. Mai jin tsoro dunƙulewa yake yi, ya kare ciki da fuska. Wanda ya dunƙule a sama kuwa sai ya wuntsila. A 1959 Jacques-André Istel ya buɗe cibiyar farko ta kasuwanci ta koyar da wannan wasa a garin Orange na jihar Massachusetts, farar hula suka fara zuwa da kuɗinsu.

Ga yadda abin yake daga ciki. Jirgin ƙarami ne, ba kujeru, kuna zaune a ƙasa kowa tsakanin ƙafafun na bayansa. A wuyan hannunka akwai agogon tsayi, allurarsa na hawa a hankali, hawan kuma na ɗaukar kusan minti 15. A farko ana hira. Can sai bakinka ya bushe, ka yi ta hamma ba barci kake ji ba, tafin hannunka ya jiƙe a cikin safar hannu. Malamin zai sa ka taɓa mariƙai uku ɗaya bayan ɗaya, na buɗe babbar lema, na yar da ita idan ta lalace, da na ko-ta-kwana, kana faɗin sunan kowanne. A wajen mita 4,000 wani ya ɗaga ƙofa. Sanyi da ƙara suka shigo tare. Ƙasa ba ta kama da wurin da za a faɗa, gonaki ne 'yan murabba'i kamar tabarmar da aka shimfiɗa. Ni a nan ne addu'ar da na haddace tun ina makarantar allo ta tsaya a rabin hanya, na yi ta maimaita farkonta. Daƙiƙun farko bayan fita ba na iya ba da labarinsu, kuma yawancin sababbi haka suke, hankali kan yi ɗif na ɗan lokaci. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 12 gudun ya tsaya a kusan kilomita 200 a awa, ka daina jin kana faɗuwa, sai ka ji iska ta tokare ka. A nan hankalina ya dawo, na ga yatsun malamin a gaban fuskata yana nuna mini in miƙe ƙafa.

Maganar kawu sai daga baya na same ta a rubuce. A shekarun 1960 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Walter Fenz da Seymour Epstein, sun bi masu dirowa da na'urori tun daga ƙasa har cikin jirgi, suna auna bugun zuciya da numfashi da gumin fata. Sababbi, komai nasu hawa yake yi tare da jirgin har bakin ƙofa. Ƙwararru ma nasu yana tashi, amma da wuri, sannan ya dinga sauka yayin da lokacin fita ke matsowa. Da aka tambaye su, sababbi suka ce tsoronsu ya fi tsanani lokacin da aka ba su alamar shiri, ƙwararru suka ce da safiyar ranar. Wannan binciken ya faranta mini rai ƙwarai, domin ya wanke sabon ɗalibi daga zargin kansa. Gogewa ba ta cire tsoro daga mutum, tana dai matsar da shi zuwa lokacin da yake da amfani, lokacin duba igiya da kallon gajimare da tambayar ƙarfin iska. Ko Felix Baumgartner, wanda ya diro daga kusan kilomita 39 ranar 14 ga Oktoba 2012 bayan dubban dirowa, sai da ya dakatar da shirin na wani lokaci saboda firgicin da ke kama shi a cikin rufaffiyar rigar sama jannati, ya koma wurin masanin halayya ya koya masa sarrafa numfashi da tunani.

Abin da na fi girmamawa a tarihin nan shi ne lokacin da masu ƙera kaya suka daina jiran ɗalibi ya zama jarumi, suka ɗauka cewa zai iya daskarewa, suka yi shiri a kan haka. Domina Jalbert ya samo lema mai siffar fiffike a shekarun 1960, wadda ake tuƙawa a sauka a hankali. Bill Booth ya ƙirƙiro zobba uku da ke sa a yar da lalatacciyar lema da ja ɗaya. A 1981 ƙungiyar masu dirowa ta Amurka ta amince da tsarin Ken Coleman, inda malamai biyu ke riƙe da ɗalibi hagu da dama tun daga ƙofa har ya buɗe. A 1983 Ted Strong da Booth, kowa a nasa ɓangaren a Florida, suka fito da dirowar goyo, inda ake ɗaure baƙo a ƙirjin malami, lema ɗaya ta ɗauke su biyu. Sannan wani Bajamushe, Helmut Cloth, bayan ya rasa abokinsa, ya ƙera wata 'yar na'ura mai suna CYPRES da ta shiga kasuwa a 1991. Tana auna tsayi da gudu. Idan mutum ya iso kimanin mita 225 daga ƙasa yana gudun faɗuwa, ko ya suma ko ya ruɗe, sai ta datse zaren da ke rufe da lemar ko-ta-kwana, lemar ta fita ba tare da ya ɗaga yatsa ba.

A 2023 ƙungiyar ta Amurka ta lissafa dirowa kusan miliyan 3.65 a ƙasar, mutum 10 suka mutu. Rai goma ba abin wasa ba ne, kuma duk wanda zai hau sai ya sa hannu a takardar da ta gaya masa haka ƙarara. Amma wanda ya bi rahotannin haɗurran shekarun baya-bayan nan zai ga abin da kan faru ya canja. Da yawa daga cikinsu ba ɗalibai ba ne masu rawar jiki a bakin ƙofa, kuma ba lema ce ta ƙi buɗewa ba. Gogaggu ne masu ɗaruruwa ko dubban dirowa, a ƙarƙashin ƙananan lemomi masu gudu da suka buɗe lafiya lau, waɗanda suka karya kwana kusa da ƙasa suka rasa tazarar da za su miƙe.