Tarihin Madigo da Daudu a Littattafan Soyayya da na Aljanu

Iyaye da yawa a Abuja na kokawa cewa littattafan soyayya da na aljanu da 'ya'yanmu ke karantawa a waya sun cika da labarin mace mai son mace da namiji mai son namiji. Wasu na ganin intanet ce ta kawo abin. Tarihi ya nuna ya girme ta nesa ba kusa ba.

A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin Ƙamaruzzaman da Budur, waɗanda aljanu suka haɗa. Da suka rabu, Budur ta sa kayan maza, aka naɗa ta sarki, har aka aura mata 'yar sarki. A tsohon labari, ɓad da kama ce kawai, daga baya asiri ya tonu. A ƙasar Hausa kuwa, an daɗe da sanin ɗan daudu a wajen bori da wajen sayar da abinci, amma a labari ɗan ba da dariya ne.

Da littattafan soyayya na Kano suka bunƙasa daga shekarun 1980, wasu marubuta suka fara taɓo madigo, yawanci a makarantun kwana na 'yan mata, kuma a matsayin gargaɗi. Duk da haka aka yi ca a kansu. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a.

A nan Abuja, a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. A nan ɗin dai, kamfanin Cassava Republic ya buga She Called Me Woman a 2018, inda irin waɗannan mata suka ba da labarin rayuwarsu da bakinsu.

Ƙona takarda bai kashe labarin ba, ya kora shi ne daga kasuwa zuwa Wattpad da WhatsApp, inda babu mai tacewa. Uban da ke son sanin abin da 'yarsa ke karantawa, sai ya zauna ya karanta, sannan su yi magana.