Karfof, Sarkin Darar Nasara

 Kun san dara. A Gabi, in an gama girbi, maza sukan zauna a inuwa, su tona gurabe 30 cikin rairayi, kowa da ƴaƴansa 12. To, akwai wata dara mai gidaje 64. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 16, har da sarki da dawaki. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa, shi ya ci. Ana ce mata darar Nasara, amma asalinta daga Indiya ne.

Yau za ku ji labarin wani gwaninta, Anatoli Karfof, mutumin Rasha. An haife shi a garin Zilatus a 1951. Yana da shekara 4 ubansa ya koya masa wasan. Da ya kai 12, aka kai shi wurin Botbinik, tsohon zakaran duniya. Malamin ya duba wasan yaron, bai ga alamar zai yi nisa ba. Yaro bai yi fushi ba, sai ya duƙufa kan littattafai. Ita wannan dara, duk ɗan da aka gusa ana rubutawa, har wasan magabata yana nan a takarda. A 1969 ya zama zakaran samarin duniya.

A 1975 ya kamata ya kara da zakaran duniya, Bobi Fisha na Amurka. Fisha ya kawo sharuɗɗa, ba a karɓe su duka ba, ya ƙi zuwa. Aka naɗa Karfof. Ku duba fa: kamar a miƙa wa ɗan kokowa takobi, alhali mai riƙe da shi bai shiga fili ba. Mutane suka yi ta tsegumi.

Karfof bai ɓuya ba. Ya yi ta shiga gasa yana cinyewa. Ya kayar da Korcinoyi a Filifin a 1978, ya sake kayar da shi a Italiya a 1981. Ba ya gaggawa: a hankali yake toshe wa mutum hanya, har ya rasa wurin motsi.

A 1984 wani saurayi, Gari Kasfarof, ya taso masa a Mosko. Wata 5 suna fama, wasa 48, aka tsayar ba gwani. A 1985 Kasfarof ya ƙwace sarautar. Sau 5 suka kara, wasa 144 ke nan. Kasfarof ya ci 21, Karfof ya ci 19, sauran 104 kunnen doki.