Daga Zango Zuwa Zango: Zamanin da Ƙafa Ce Motar Ƙasar Daura

A watan Afrilun 2015 wani matashi ɗan jihar Katsina ya tako a ƙafa daga Legas zuwa Abuja, don murnar nasarar da Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya samu a zaɓe. Kwana 18 ya yi a hanya. Jama'a suka yi ta dafifi a bakin titi, gidajen rediyo suka yi ta yayata shi, kafin a ankara 'yan tattaki sun ɓarke ta ko'ina. Da fataken dauri za su ji wannan labari, tambayoyinsu dabam ne: jaki nawa ya koro, a wace rijiya ya sha ruwa, wa ya shige masa gaba? A wurinsu tafiyar kwana 18 somin taɓi ce.

Labarin kafuwar sarautar Daura ma labarin matafiyi ne. Kamar yadda ake ba da shi, Bayajida ya baro Bagadaza, ya zauna a Barno, ya ratso ta Garun Gabas da Gaya, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan tsohuwa Ayana. Abin da ya fara nema shi ne ruwa, aka ce masa ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ran Juma'a saboda macijiya. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi ko a matsayin hikaya, abubuwa biyun da ya ginu a kansu, masauki da rijiya, su ne dai abin da kowane farke ke kwana yana tashi da su a zuciya.

Daura tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Damagaram, daga nan a miƙe zuwa Damargu, Agadas da duwatsun Azbin. Ta nan gishiri da kanwa ke gangarowa kudu, tufafin rini da fatu da hatsi su haura arewa, tare da bayi, abin da bai kamata a ɓoye ba. Garin bai kai Kano ko Katsina girman kasuwa ba, amma mashiga ce. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu gishirin Azbinawa ya yawaita a ƙasar Hausa. Kanwar da aka kwaso daga tafkunan Muniyo da ƙasar Manga, ta biyo ta yankin Daura a bayan jaki ko takarkari, tana iya ƙarewa a kasuwar Salaga, cikin ƙasar Ghana ta yau, a musanya ta da goro.

Shirin irin wannan tafiya yakan fara ne tun hatsi na gona. Ba a tashi da damina, don rafuka sun cika, hanya ta yi caɓi, kuma hannu na gona. Ba a kuma jira bazara, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, ciyawa ta ƙare. Kaka ce lokacin tashi: an yi girbi, gero ya yi araha, akwai kara da harawa, tafkuna ba su gama janyewa ba. Wanda ya yi nawa har ayari ya wuce, ya haƙura sai baɗi, domin ba mai hankalin da zai shiga dajin Bargu shi kaɗai da kaya.

A tsakar gida kuwa aiki ne na makonni. A gyara akumari don kada ya ci bayan jaki, a ɗinke mangala da taiki, a jiƙa sabuwar salka a ga ko tana yoyo, a murɗa igiyar guga mai tsawo saboda rijiyoyin arewa zurfi gare su. Mata su daka garin gero, su shanya kuɓewa, su haɗa kuka da daddawa da yaji, su yi dakuwa. Guzuri dai abin da ba ya lalacewa ne, ba ya kuma da nauyi. Babu mai ɗaukar abincin wata uku, sai na 'yan kwanaki, sauran a saya a hanya, shi ya sa sanin ranar da kowace kasuwa ke ci yake cikin ilmin tafiya. Kuɗin ma kaya ne. Keso ɗaya na wuri, wato 20,000, ya isa ya sunkuyar da ƙato, don haka farke mai wayo ya fi son ya riƙe kanwa ko turmin zane, ya riƙa gutsura yana biyan buƙata.

Duk wannan shiri a ƙarƙashin mutum ɗaya yake, madugu uban tafiya. Ba sarki ke naɗa shi ba. Suna yake yi, fatake su bi shi don ya je ya dawo sau da yawa bai zubar da mutane ba. Yana da jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, da uban dawaki, mai tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakuna daga hannun kowa gwargwadon kayansa, da malamin ayari mai riƙe lissafi, mai jan salla, wanda kuma shi ake tuntuɓa a kan ranar tashi. Madugu ba shi da taswira. Abin da ke kansa jerin sunaye ne: daga wannan zango zuwa wancan yini guda, rijiyar can ruwanta zartsi ne, sarkin garin gaba yana son jan kyalle, mashigin rafi kaza yana da kada. Ilmi ne da ake koya da tafin ƙafa, yaro ya faro daga korar jaki har ya yi furfura. Abin takaici shi ne kaɗan ƙwarai aka rubuta. Cikin wanda ya tsira akwai labarin Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya san hanyoyin Adamawa, ya kuma raka Bajamushe Flegel har Balin a 1884.

Yau a Amurka akwai masu shafe wata biyar zuwa bakwai suna taka hanyar dajin Appalachian, mai tsawon kusan kilomita 3,500, da jaka a baya. Kafin su tashi sai sun lissafa inda ruwa yake, inda za su ƙaro abinci, nauyin da kafaɗa za ta jure, da watan da sanyi zai tare su. Lissafin madugu ke nan, ba ƙari ba ragi. Bambancin shi ne su nishaɗi suka fito, shi kuwa yana ɗauke da dukiyar mutane da rayukansu.

Kuma ba mutane kaɗan ba. Baturen Birtaniya Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kaiama a 1826, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su sama da mutum 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawan haka. Matan nan ba rakiya suka yi ba. Suna ɗauke da kaya a kan gammo, su ke girki a zango, wasunsu kuma da ɗan jarinsu. Akwai 'yan alaro da ke ɗaukar kaya don lada, akwai bayi da ke ɗauka ba lada.

Da an sallame asuba ake ɗaura kaya. A yi ta tafiya a jere, masu makamai a gaba da baya, har rana ta take, sannan a sauka. Sannu ba ta hana zuwa, jakin da aka matsa wa yau gobe ba zai tashi ba. A zango kowa ya san aikinsa: wasu su kai dabbobi ruwa, wasu su saro ƙaya a kewaye wurin saboda kura da ɓarayi, wasu su kafa bukkoki, mutanen ƙauye su fito da fura da nono da itace, nan take 'yar kasuwa ta ci. Da dare a duba ƙafafu. Faso, ƙaya da ƙarangiya su ne abokan kullum. Mafi muni shi ne kurkunu, domin ruwan tafkin da mutum ya sha bana, sai baɗi tsutsar za ta fito masa a ƙafa, watakila yana tsakiyar wata tafiyar.

Hanyar Gwanja takan bi ta Jega ko Yawuri, a ƙetare Kwara a jirgin fito, a ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, a faɗa Yandi, sannan Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. Dawowar ta fi wuya, don goro ɗan lele ne. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake ganye, in ba haka ba ɗaya ya ɓata saura. Ribar ce ke sa a jure. Bature Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan jaki 500 na goro ke shiga birnin a shekara, kowane kaya in ya iso lafiya yana kai wuri 200,000. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka riƙe wannan fatauci, kuma daga gidan Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya san hanyar goro tun yana saurayi.

Hanyar arewa, wadda ta fi shafar Daura, wata duniya ce. Can raƙumi ne sarki, Buzaye ne masu hanya. Ayarin gishiri yakan bar Azbin da kaka, ya ratsa yashin Tenere zuwa Fashi da Balma, inda ake kwanaki ba a ga rijiya ba, har ciyawar raƙuma ma ɗaukarta ake yi a ajiye rabi a hanya don dawowa. Su kai gero, su ɗauko kantu da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa su yi rani, raƙuma na kwana a gonaki suna zuba taki. Da irin wannan ayari Barth ya shigo, ya kuma ƙiyasta kayan raƙumi 3,000 ne.

A ƙarni na 19 ratsa ƙasar Daura sai wanda ya san siyasa. A 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, a inuwar Damagaram. Sai ga Daura uku a ɗan taƙin ƙasa, kowacce da mai jiran gaisuwa, ga Damagaram ta Sarki Tanimu da bindigoginta a arewa, ga Kano a kudu. Madugu dole ya san wa ke ɗasawa da wa a wannan shekara kafin ya zaɓi ƙofar da zai bi. Sunan garin Zango ma, wanda yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce a masarautar, kalmar fatake ce. Ita ce dai ta bi su har Kumasi da Ankara, inda unguwannin Hausawa ke amsa sunan Zango har gobe.

Akwai kuma masu tafiyar da ba riba suke nema ba. Maniyyata sukan nufi gabas ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzurin zango na gaba. Wasu shekaru suke yi, wasu sun zauna ke nan a Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, da kuma lokacin da gonakin auduga na Jazira suka buɗe a 1925.

Fataucin ƙafa ya watse ne cikin shekaru kamar ashirin. Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Turawan Ingila suka kama Kano a 1903, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka ba shi sarautar Daura a 1904. Aka ja iyaka a arewacin garin, hanyar da kakanni suka sani guda ɗaya ta koma ƙasa biyu, da kwastan a tsakani. A 1911 dogo ya iso Kano. Goro ya koma zuwa ta teku har Legas, ya hau jirgin ƙasa, ya yi a kwanaki abin da jaki ke yi a watanni. Ɗantata na cikin waɗanda suka fara gane haka, suka juya. Madugan da ba su juya ba, iliminsu ya bi su kushewa, kuma ba a san yawan sunayen rijiyoyi da mashigai da suka tafi da su ba.

Titin kwalta da ya taso daga Kano ta Kazaure zuwa Daura, ya wuce Kongolam ya shiga Nijar, yana bin kusan inda jakuna suka bi. Tafiyar Kano zuwa Damagaram, wadda ayari ke kwashe kwanaki a kanta, yanzu ta yini guda ce. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura. Duk da haka ƙafa ba ta yi ritaya ba. Ran Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, tun da sanyin safiya ake hango masu koro shanu da raƙuma suna ɓullowa ta burtali daga arewa, sanda a kafaɗa, gorar ruwa a rataye, wasunsu kwana biyu ko uku suka yi a hanya.