Ririwai: Garin Da Ya San Kuza Tun Kafin Zuwan Nasara

Kwanan baya muna zaune a rumfa, wani yaro cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan ya ce wai Turawa ne suka gano kuza a ƙasar nan, haka aka koya musu. Na ce da shi, yaro, Bature ya tarar da ita dai. Abin da ya sa ke nan na ɗauki alƙalami in ɗan ba da tarihin Ririwai, don da yawa daga cikinmu kakanninmu ta barikin kuza suka bi kafin neman abinci ya kawo su nan.

Ririwai, wadda tsofaffi ke kira Liruwe, ƙaramin gari ne a cikin duwatsu, can ƙarshen kudancin Jihar Kano, a Ƙaramar Hukumar Doguwa, bayan an wuce dajin Falgore. Mutanenta tun da can sana'arsu wankin kuza da narka ta. Wani Bature matafiyi, Kilafaton, da ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa dalma cikin kayan ƙasa da ya gani ana sayarwa. Lokacin ko Sarkin Musulmi Bello na kan gado, ba kamfani ba injin.

A cikin ƙarni na 19 hare-haren Ningawa suka dami wannan yanki. Masu tarihi sun ruwaito cewa wannan rashin kwanciyar hankali ne ya sa maƙeran suka kwashe kayansu suka koma ƙasar Bauchi, suka kafa sabon gari. Shi ya sa ake da Liruwe biyu, Liruwen Kano da Liruwen Dalma. Sunan na biyun ma ya isa shaida.

To yaya suke aikin? A nan ne abin mamaki yake. Kuza baƙin yashi ce mai nauyi, tana kwance a gindin rafi. Sai a ɗebo ƙasa a ƙwarya ko akushi, a yi ta jujjuyawa cikin ruwa, yashi mara nauyi ya tafi, ita ta zauna a ƙasa. Daga nan a kai ta matoya da aka gina da yumɓu, a zuba gawayi, a yi ta zuga da zugazugin fatar akuya har ta narke ta gangaro fara fat. Ba a barin ta dunƙule. Ana zuba ta cikin siraran ramuka da aka fitar da tsinken ciyawa, in ta huce ta fito kamar tsinkayen tsintsiya, a ɗaure dami-dami. Ni ɗan kasuwa ne, na san hikimar wannan: kaya ga sauƙin ƙirge, ga sauƙin ɗauka, kuma mai saye zai lanƙwasa ɗaya ya gane ko an yi masa algus. Fatake su ɗora wa jakuna, sai Kano, sai Nufe, inda maƙeran fari ke shafe tasoshi da ita, su yi kayan ado da na doki.

Waɗannan tsinkayen ne suka tona asiri. Ma'aikatan Kamfanin Neja sun gan su a kasuwannin bakin Binuwai, suka yi ta tambaya daga ina suke fitowa. A 1902 kamfanin ya aiko wani mai suna Nikolas ya bi sawu har ƙasar Bauchi, bayansa Kanar Los ya zo a 1903, daga baya ya kafa sansani a Naraguta kusa da Jos. Kafin jirgin ƙasa, a ka 'yan dako suke ɗaukar kuza har Loko a bakin kogi. Sai a 1914 ƙaramin jirgin nan na Zariya ya iso Jos da Bukur.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda sana'ar ta mutu. Gwamnatin Nasara ta yi doka cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa nata ne, ba mai haƙa sai da lasin. Aka yanka rafukan aka raba wa kamfanoni. Maƙerin da ya gaji wurin daga kakansa ya wayi gari in ya ɗebi kuza ɓarawo ne. Ba a daɗe ba matoyan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan masu sana'a suka koma lebura da 'yan kwangila a bariki. Ita kuwa kuzar sai a ɗura ta a buhu ɗanya a kai Ingila a narka. Ƙasar da ta iya narka kayanta da fatar akuya, sai da aka sami 'yancin kai sannan aka gina mata masana'antar narkawa a Makeri.

A Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta matsu da kuza, aka shiga kwasar mutane dole daga lardunan Arewa, abin da aka kira ɗiban gwamna, har 1944. Kakana na cikinsu. Bai cika son zancen ba, abin da yake faɗi kawai sanyin dutse da ƙarancin abinci, da mutanen garinsu da ba su koma gida ba. Allah Ya jiƙansu, amin.

Daga baya kamfani ya haƙa rami mai zurfi a dutsen Ririwai ta Kano, don ban da kuza akwai wasu ma'adinai a cikinsa. Shi ma ya tsaya, farashin kuza kuma ya rushe a kasuwar duniya a 1985, barikoki suka watse. Amma mutanen wurin ba su bar kuza ba. Samari na shiga rami da diga da shebur, mata na wanki a bakin rafi da kwano, dillalai na jira da sikeli. Sai dai ɗanya suke sayar da ita, da kilo.